Yadda Ake Fara Jinyar Shaye-shaye a Cibiyar da Ake Kwantar da Mutum

Ba kowane mai fama da shaye-shaye ne yake buƙatar a kwantar da shi ba. Mutane da yawa suna samun sauƙi ta hanyar zuwa asibiti a kai a kai, su ga likita da mai ba da shawara, su karɓi magani, su koma gida su kwana. Kwanciya a cibiya, inda mutum zai bar gida da aiki ya tare na makonni ko watanni ƙarƙashin kulawar ma'aikata dare da rana, an fi tanadarta ga wanda ya sha gwada dainawa yana komawa ruwa, ko wanda yake zaune cikin masu sha, ko wanda shaye-shayensa ya haɗu da wata cuta ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa, ko kuma wanda jikinsa ya saba da abin da yake sha har dainawar kanta ta zama haɗari. Idan kai ne ka kai wannan matsayi, ko wani naka, ka sani cewa ginin cibiyar da katangarta ba su ne suke warkarwa ba. Abubuwa biyu ne suka fi tasiri a kan sakamakon kwanciyar: gaskiyar da ka faɗa wa likita lokacin shiga, da shirin da aka yi wa ranar fitarka.

Mataki na farko: ka ga likita kafin ka daina

Kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi muni, shi ne mutum ya yanke shawara cikin dare ɗaya, ya zubar da duk abin da yake sha, ya kulle kansa a ɗaki yana jiran abin ya wuce. Niyyar tana da kyau, amma ga wasu nau'o'in shaye-shaye wannan hanya tana iya kisa.

Wanda ya daɗe yana shan barasa mai yawa kullum, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta saba da aiki a ƙarƙashin abin da ke danne ta, don haka idan aka janye barasar kwatsam sai jijiyoyi su rikice. Alamomi sukan fara cikin sa'o'i 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe: rawar hannu, zufa, tashin zuciya, bugun zuciya da sauri da rashin barci. A cikin kwana biyun farko wasu sukan yi jijjiga irin ta farfaɗiya, daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wasu kaɗan sukan faɗa cikin ɗimuwa mai tsanani, da zazzaɓi da gane-gane, wadda ke iya halaka mutum idan babu kulawar asibiti. Haka abin yake ga magungunan sa barci da kwantar da hankali irin su Valium da Rohypnol. Waɗannan ba a yanke su lokaci ɗaya, rage su ake yi sannu a hankali bisa jadawalin likita, wani lokaci na tsawon makonni, wani lokaci watanni.

Dangin ofiyom, wato kodin da tiramadol da mofin da hiroyin, dainawarsu tana da azaba ƙwarai, amma ba kasafai take kisa ba in dai ana mayar wa jiki ruwan da amai da gudawa suka fitar. Haɗarinsu yana jiran mutum ne a gaba, bayan an daina, kuma za mu zo kansa. Mace mai juna biyu da ke shan ɗaya daga cikinsu kada ta daina da kanta ko kaɗan, domin hakan yana iya jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci. Akwai magani da ake ɗora ta a kai.

Saboda haka, fara da likita ko ma'aikacin lafiyar da ya san harkar shaye-shaye. Kafin ka je, ɗauki takarda ka rubuta duk abin da kake sha, da yawansa a rana, da shekarun da ka yi kana sha, da lokacin da ka sha na ƙarshe, da ko ka taɓa jijjiga ko ɗimuwa a wani yunƙurin dainawa da ya gabata. Daga wannan bayani ne likita zai gane ko cibiya za ta iya karɓarka kai tsaye, ko sai ka fara kwanciya a asibiti na 'yan kwanaki an tsallakar da kai lokacin haɗari.

Mataki na biyu: zaɓen cibiya

A nan iyalai suka fi yin asara, domin damuwa takan sa su miƙa ɗansu ga duk wanda ya yi musu alkawari mai daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka sun fitar da ƙa'idojin jinyar shaye-shaye na ƙasa da ƙasa a shekarar 2020, kuma ginshiƙinsu shi ne a yi jinya da yardar mai jinya, a kiyaye mutuncinsa da sirrinsa, a yi amfani da hanyoyin da bincike ya tabbatar. A cikin wannan shekarar ce ƙungiyar Human Rights Watch ta bayar da rahoton cewa ta samu ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a ƙasashe 60. Duk wurin da ake ɗaure mutane, ko a doke su, ko a hana su abinci da sunan horo, ba wurin jinya ba ne, ko da wane suna aka rubuta a ƙofarsa.

Ka kira cibiyar, in da hali ma ka je ka gani da idonka, ka yi tambayoyi ba tare da jin nauyi ba. Shin tana da lasisin hukumar lafiya, kuma za a nuna maka shi? Akwai likita da ke zuwa kullum, akwai ma'aikacin jinya da ke kwana? Idan wani ya yi jijjiga da tsakar dare, wane asibiti ake kai shi, da wace mota? Suna ba da magungunan jinyar shaye-shaye, ko suna cikin masu ganin duk wani magani a matsayin musanya ƙwaya da ƙwaya? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi, domin tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya metadon da bufrenofin, wato magungunan da ke rage wa mai shan ofiyom azabar dainawa da sha'awar sha, cikin jerin muhimman magunguna, kuma su ne suka fi rage mutuwa a tsakanin masu shan dangin ofiyom. Cibiyar da ta haramta su gaba ɗaya ta bar makami mafi ƙarfi a waje. Ka kuma tambaya ko suna da likitan ƙwaƙwalwa, tunda baƙin ciki mai tsanani da fargaba da tabon wani bala'i da ya taɓa samun mutum sukan tafi tare da shaye-shaye, kuma jinyar ɗaya a bar ɗaya aikin banza ne. Ga mata, a tambayi ko makwancinsu da ma'aikatansu daban ne.

Idan aka ce maka duk wanda ya shiga wurin yana warkewa har abada, ka nemi wani wuri. Babu cibiyar gaskiya da za ta yi wannan alkawari.

Mataki na uku: zaman jira

Sau da yawa ba a samun gado nan take. Za a yi maka tambayoyi ta waya ko a ofis, a ba ka rana, ko a sa ka a layin jira. Ka riƙa kira kana tuna musu da kanka, domin gado yakan samu ba zato idan wani ya fasa. Ka bi abin da likita ya ce game da ci gaba ko ragewa a wannan tsakani. Abin da ya kamata a guje wa shi ne shan ban kwana, inda mutum ke cewa tunda gobe zai shiga bari yau ya sha ya more. Wannan daren yakan kai wasu ɗakin gaggawa maimakon cibiya. Mai shan dangin ofiyom kada ya sha shi kaɗai a ɗaki a kulle, kada kuma ya haɗa da barasa ko maganin barci, domin haɗin ne ya fi tsayar da numfashi. Idan ana samun nalokson a inda kuke, wato maganin da ke farfaɗo da wanda ya sha ya wuce ƙima, a ajiye shi a gida, a koya wa wani yadda ake ba da shi.

Mataki na huɗu: kintsa abin da za ka bari a baya

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, amma sakaci da shi yakan fitar da mutum daga jinya tun ba a je ko'ina ba. Ka nemi hutun rashin lafiya a wurin aiki ko makaranta. Takardar likita ta isa, kuma ba dole ba ne kowa ya san cikakken dalili. Ka tsayar da wanda zai kula da yara da wanda zai biya haya da sauran kuɗaɗen wata. Idan kana da shari'a a kotu, lauyanka ya sani. Batun kuɗin cibiya kuwa, a rubuta maka shi a takarda: me kuɗin ya ƙunsa, shin magani da gwaje-gwaje suna ciki, me inshora za ta ɗauka, kuma me za a mayar idan ka fita kafin wa'adi. Sannan ka sa wani amintacce ya share ɗakinka bayan tafiyarka, ya duba aljihunan riguna da ƙarƙashin katifa da cikin mota. Kai ne ka san maɓoyan, don haka ka faɗa masa su duka tun hankalinka yana kan dainawa.

Mataki na biyar: haɗa kaya

Kowace cibiya tana da jerin abin da take yarda da shi, ka nema tun da wuri. Galibi kayan sawa na mako guda sun isa, masu sauƙi, da takalmin motsa jiki, da katin shaida, da takardun asibiti. Magungunan da kake sha na hawan jini ko ciwon suga ko wata cuta, ka kawo su cikin kwalinsu na asali tare da takardar likita, ka miƙa wa ma'aikatan jinya. Su ne za su riƙa ba ka a kan lokaci. Za a karɓe duk abin da ke ɗauke da sinadarin barasa, har da ruwan kurkure baki da turare da man tsabtace hannu, haka ma reza da almakashi. Yawancin cibiyoyi suna karɓe waya, aƙalla a kwanakin farko, saboda haka ka rubuta lambobin mutanen da za ka so kira a cikin ɗan littafi. Mutane da yawa sai an miƙa musu wayar ofis suke gane cewa ba su haddace lambar kowa ba.

Mataki na shida: ranar shiga

Ka sa wani ya raka ka har ƙofa, kada ka tuƙa kanka. Za a bincika jakarka da jikinka, a karɓi fitsari ko a sa ka hura na'urar auna barasa, a auna jininka da bugun zuciya da zafin jiki. Za a ɗebi jini don duba hanta da ƙoda, kuma da yardarka a gwada cutar ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, musamman idan ka taɓa yi wa kanka allurar ƙwaya. Mata kuma a yi musu gwajin ciki. Za a ba ka takardu ka sa hannu. Ka karanta su, musamman wadda ta shafi waɗanda ka amince a yi wa bayanin halin da kake ciki, da wadda ta bayyana haƙƙinka na fita.

Daga nan sai doguwar hira da likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma a nan maganar ta wuce batun kunya, batun rai ne. Wanda yake shan kodin da Valium tare, ya ambaci kodin ya ɓoye Valium, za a shirya masa jinyar abu ɗaya, sai jijjigar ɗayan ta zo ba wanda ya yi tsammaninta. Wanda ya rage yawan barasar da yake sha a bakinsa, za a ba shi maganin da bai kai ba. Lokacin shan ƙarshe ma yana da muhimmanci: ba a fara bufrenofin sai alamun dainawa sun bayyana sosai, galibi sa'o'i 12 ko fiye bayan shan irin su hiroyin, kuma idan aka ba da shi da wuri saboda mutum ya yi ƙarya game da lokaci, maganin zai ture abin da ke jikinsa ya jefa shi cikin azaba mai tsanani nan take. Idan kana tunanin kashe kanka, ko ka taɓa yunƙurin hakan, ka faɗa. Ma'aikatan sun saba jin wannan, kuma suna da abin da suke yi a kai.

Mataki na bakwai: kwanakin wanke jiki

Makon farko, lokacin da jiki ke fitar da abin da ya saba da shi, wato wanke jiki, shi ne mafi wuya. Ma'aikacin jinya zai riƙa zuwa bayan 'yan sa'o'i, ya ce ka miƙe hannuwanka ka buɗe yatsu ya ga ko suna rawa, ya taɓa tafinka ya ji zufa, ya tambaye ka yau wace rana ce kuma ina kake. Maki yake bayarwa, kuma da makin ake ƙara magani ko a rage. Mai barasa akan ba shi maganin kwantar da jijiyoyi na 'yan kwanaki, da sinadarin bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa daga lahanin da ƙarancinsa ke jawowa. Mai dangin ofiyom zai ji hamma da hawaye da yoyon hanci, da ciwon ƙashi da murɗawar ciki da tsigar jiki na tashi. Ga nau'o'in ofiyom masu saurin fita daga jiki, irin su hiroyin, abin yakan fara cikin sa'o'i 8 zuwa 24 ya ɗauki kwana 4 zuwa 10. Mai hodar iblis da sauran ƙwayoyi masu sa kuzari zai yi ta barci da cin abinci, zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin, kuma shi abin lura a gare shi shi ne ƙuncin rai. Mai wiwi zai yi fama da saurin fushi da rashin barci da mafarkai masu firgitarwa na kusan mako biyu.

A cikin waɗannan kwanaki ne tunanin fita yake zuwa, kuma ba ya zuwa da sunan sha'awar sha. Yakan zo ne a matsayin dalili mai kama da hankali: gadon ba shi da daɗi, wani ma'aikaci ya yi maka magana ba daidai ba, yara suna buƙatarka, ko kuwa ka ji sauƙi don haka sauran za ka iya a gida. Ka yi wa kanka alkawari tun kafin shiga cewa duk ranar da ka ji za ka tafi, sai ka faɗa wa ma'aikaci ka kuma jira kwana ɗaya cur. Sha'awar takan taso ta kai ƙololuwa sannan ta sauka, ko an sha ko ba a sha ba. Iyali ma a shirya su: idan ya kira yana roƙon a zo a ɗauke shi, a saurare shi da tausayi, sannan a yi magana da likitansa kafin a tayar da mota. Amma idan ƙorafin na duka ne ko ɗauri ko cin zarafi, wannan a je a duba nan take.

Mataki na takwas: shiga cikin shirin sosai

Wanke jiki share fage ne kawai; wanda ya tsaya a nan ya fita, yawanci yakan koma. Jinyar tana farawa ne lokacin da jiki ya lafa aka shiga jadawalin yini: tashi da wuri, gyaran makwanci, zaman rukuni, ganawa da mai ba da shawara kai da shi, motsa jiki, da kwanciya a kan lokaci. A zaman ba da shawara za a sa ka bi diddigin abin da ke tunzura ka, wane mutum, wane wuri, wane lokaci na yini, wane yanayi na zuciya, sannan ku gwada a aikace abin da za ka yi ko ka faɗa idan abin ya taso. Za ka iya jin kamar wasan yara ne a sa ka maimaita yadda za ka ce wa tsohon aboki a'a, amma wanda bai taɓa furta kalmar a ɗaki ba da wuya ya furta ta a titi. A zaman rukuni ba dole ba ne ka yi magana a ranar farko, sai dai kada ka mayar da shiru ɗabi'a. Ka kuma kiyayi abu biyu da ke lalata jinya a ɓoye: ƙulla soyayya da wani mai jinya, da zaman hirar daɗin shaye-shayen da aka yi a baya.

Tsawon zama yana bambanta. Kwana 28 da aka fi sani ya samo asali ne daga tsarin da ya bunƙasa a jihar Minnesota ta Amurka a shekarun 1950, ya zama al'ada, ba wai jiki ko ƙwaƙwalwa suna gama warkewa a wannan adadi ba ne. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka, NIDA, ta ce jinyar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta taƙaitacce ne, ko da yake ba dole ba ne a yi kwanakin duka a kwance. Ana iya haɗa kwanciya da zuwa asibiti daga gida. Idan ma'aikata suka ba ka shawarar ƙara lokaci, ka tambayi dalili, ka auna shi da idon basira.

Mataki na tara: shirin fita, tun daga mako na biyu

Kada a bari sai ana gobe sallama. Abu na farko da dole mai shan dangin ofiyom ya fahimta shi ne, bayan 'yan makonni ba tare da sha ba, juriyar jikinsa ta faɗi ƙasa, kuma adadin da ya saba sha a da yana iya tsayar masa da numfashi yanzu. Shi ya sa makonnin farko bayan fita daga cibiya ko kurkuku suke cikin lokutan da aka fi mutuwa. Don haka a tattauna da likita kan ci gaba da metadon ko bufrenofin, ko naltirekson, maganin da ke toshe tasirin ofiyom a jiki, wanda ba a fara shi sai jiki ya yi kwana 7 zuwa 10 babu ofiyom. Mai barasa kuma akwai naltirekson da akamfuroset da disulfiram, likita zai zaɓa gwargwadon lafiyar hanta da ƙodarsa.

Kafin ka fita, ya kasance kana riƙe da takarda mai ɗauke da ranar ganin likita a cikin makon farko, da sunan mai ba da shawarar da zai ci gaba da kai, da wurin da za ka kwana, da abin da za ka yi da sa'o'in da a da sha yake cinyewa. A sauya lambar waya idan dillalai suna da tsohuwar. Ƙungiyoyin taimakon juna, irin su Alcoholics Anonymous da aka kafa a 1935 da Narcotics Anonymous da ta biyo baya a 1953, suna taruwa kyauta a ƙasashe da yawa har da ta intanet, kuma ya fi sauƙi ka halarci zama ɗaya tun kana cibiya da ka fara neman su bayan ka fita.

A cikin takardar nan a rubuta abin da za a yi idan an koma ruwa, domin alƙaluman NIDA sun nuna kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinya sukan sake sha, adadin da bai wuce na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke dawowa ba. A rubuta wanda za a kira a ranar, da asibitin da za a je, da ko cibiyar za ta sake karɓarka. A gida kuma kowa ya san alamun wuce ƙima: mutum ya ƙi farkawa, numfashinsa ya ragu ko ya koma minshari mai shaƙewa, ƙwayar idonsa ta tsuke, leɓɓansa su canja launi. A ba shi nalokson, a kwantar da shi ta gefe, a kira motar asibiti ko da ya farfaɗo, domin ƙarfin maganin yakan ƙare cikin minti 30 zuwa 90 alhali ƙwayar tana nan a jikinsa.